Za mu iya auna iskar Gombe da kanmu? Amsa ga wata malamar kimiyya

Wata malama da ke koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a cikin garin Gombe ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Duk hunturu ɗalibaina cikin tari da mura suke, biyu daga cikinsu masu asma sai su yi kwanaki ba su zo ba. Na ji an ce akwai 'yan ƙananan na'urori da mutum zai haɗa da kansa ya auna gurɓacewar iska. Da gaske ne? 'Yan SS2 za su iya? Kuma in mun auna, lambar da za mu samu abin dogaro ce ko wasan yara ne kawai?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaran lafiya.

Da gaske ne akwai su, kuma 'yan SS2 za su iya haɗa su, don na ga waɗanda ba su kai su ba sun haɗa. Sai dai tambayarki ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, bari in fara da ita. Idan na'urar ta nuna miki 83 da ƙarfe takwas na safe, ba zan iya rantsuwa cewa 83 ɗin ce daidai ba. Tana iya zama 60, tana iya zama 110. Amma idan ta nuna cewa iskar bakin ƙofar makaranta ta ninka ta bayan ajujuwa sau uku, ta kuma maimaita hakan kwana goma a jere, wannan kam zan tsaya a kai ko a gaban wa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, haka na'urar nan take. Ki riƙe wannan tun yanzu, don duk abin da zan faɗa a gaba a kansa ya hau.

Abin da waɗannan na'urori ke aunawa shi ne ɓurɓushin da ke yawo a iska, na ƙura da na hayaƙi. Za ki riƙa ganin sunaye biyu, PM10 da PM2.5. Lambar tana nufin iyakar faɗin ƙwayar ne da ma'aunin maikiromita, wato milimita ɗaya an raba ta gida dubu. Silin gashin kai yana da kaurin maikiromita 50 zuwa 70, kin ga ke nan ƙwayoyin PM2.5 ashirin ko fiye za su jeru a faɗin sili ɗaya. Manyan ƙwayoyin hanci da maƙogwaro ke tare mafi yawansu, shi ya sa a hunturu mutum zai fyace majina ya gan ta da launin ƙasa. Ƙananan su ne mugaye. Suna wucewa har can ƙasan huhu inda iska ke haɗuwa da jini, mafi ƙanƙantarsu ma su tsallaka cikin jinin. Daga nan ake samun tashin asma, ciwon huhu a yara ƙanana, da kuma, bayan shekaru, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana jawo mutuwar mutane kusan miliyan 7 a shekara. A 2021 ta sabunta mizaninta: matsakaicin PM2.5 na yini guda kada ya wuce maikirogiram 15 (maikirogiram shi ne giram ɗaya an raba shi gida miliyan) a kowace kubik mita ta iska, na shekara kuma kada ya wuce 5. Na PM10 kuwa 45 a yini, 15 a shekara.

Ga darasin lissafi kyauta. Babban mutum yana shaƙar iska sama da lita 10,000 a yini. Durom ɗin da 'yan ga-ruwa ke cika miki lita 200 yake ci. Ki sa yara su raba, za su samu durom hamsin ko fiye. Ruwan da muke sha bai wuce 'yan kofuna ba amma muna tace shi, muna tsoron na rijiya, muna sayen na leda. Durom hamsin na iska kuwa haka muke zuƙe su ba tambaya.

Cikin na'urar babu wani sihiri. Akwai 'yar fanka da ke zuƙo iska ta wani siririn bututu, akwai hasken leza da ke ratsa iskar, akwai kuma wani ɗan ido da ke lura. Duk ƙwayar da ta gifta sai ta warwatsa hasken, idon ya ga walƙiya. Kin san yadda rana ke shigowa ta hudar kwanon rufi da hantsi, ki ga ƙura na rawa a cikin hasken? To shi ke nan, an dai mayar da shi cikin akwatin da bai kai tafin hannu ba. A nan kuma rauninta yake. Ba ta ɗora ƙurar a sikeli, walƙiya take ƙirgawa, sannan ta yi hasashen nauyi da wani lissafi da aka saka mata a masana'anta a ƙasar Sin, inda aka gwada ta da ɓurɓushin da bai yi kama da ƙurar hunturu ko hayaƙin itacen girkinmu ba. Manyan injinan da hukumomi ke dogaro da su suna tara ƙurar ne a kan takardar tacewa su auna ta kai tsaye, kuɗinsu kuma dubban daloli ne masu yawa, ga ɗawainiyar kula. Shi ya sa a yawancin garuruwanmu babu ko ɗaya, shi ya sa kuma aikin irinku yake da daraja.

Tsarin da na fi ba da shawara ga makaranta shi ne wanda wasu 'yan sa-kai suka fito da shi a birnin Stuttgart na Jamus a 2015. Garin nasu a cikin kwari yake, hayaƙin motoci na taruwa a ciki, su kuma ba su gamsu da 'yan tashoshin awon gwamnati ba, sai suka ce kowa ya rataya tasa a bangon gidansa. Sun fara da sunan Luftdaten, yanzu ana kiran shirin Sensor.Community, yana da dubban na'urori a ƙasashe da dama, duk suna aika sakamako kan taswira ɗaya da kowa zai iya buɗewa. Kayan haɗin kaɗan ne: hancin na'urar, wato SDS011, ɗan allon kwamfuta mai suna NodeMCU da ke karɓar lambobin ya tura su intanet, ɗan ma'aunin zafi da laima, DHT22 ko BME280, cajar waya da igiyarta, sai gwiwar fayif guda biyu irin na magudanar ruwa, waɗanda duk mai sayar da kayan famfo a babbar kasuwa yana da su. Su ne gidan na'urar, a haɗa su baki da baki su kalli ƙasa don kada ruwa ya shiga. Siraran wayoyin lantarki bakwai ake sokawa idan da DHT22 ne, ba a buƙatar narka dalma. Manhajar kyauta ce a shafinsu. Kuɗin kayan gaba ɗaya yakan kama dala 30 zuwa 50, a naira kuwa sai ranar da kika je saye. Hancin da allon sai an yi oda daga Legas ko daga waje, don haka idan kina so ku kama hunturu, ki yi odar tun damina ba ta ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bature ya tsara abinsa ne da zaton wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma na gida ne. Mu sai mun yi dabara. Wuta, ki nemi ƙaramin faifan sola da fawa-bank, amma ki gwada fawa-bank ɗin tukuna: da yawa suna kashe kansu in suka ji abin da ke jan wutar bai kai waya ba, wasu kuma ba sa bayarwa lokacin da suke karɓar caji. Na taɓa asarar awon mako guda cur a kan wannan, na dawo da murnata na tarar na'urar ta mutu tun daren farko. Intanet, tsohuwar waya mai ɗan data ta isa ta raba mata, don abin da take aikawa bai taka kara ya karya ba. In babu hali, ɗalibi mai kan kwamfuta zai iya ƙara mata gurbin memori da ɗan agogo, ta riƙa ajiye lambobin ana kwashewa duk Juma'a. Zafi, kada ki rataye ta dab da kwanon rufi. Zafin Maris da Afrilu a Gombe kin san shi, ƙarƙashin kwano kuma ya fi na fili nesa ba kusa ba, hancin kuwa an yi shi ne kada ya wuce digiri 50. A samu bango mai inuwa inda iska ke kaiwa da komowa, sama da kan mutum kaɗan, nesa da janareto da murhun mai abinci. Sai zanzaro. Wata na'urarmu ta yi kwanaki tana ba da lambobi masu daɗin gani, ƙasa-ƙasa, har muna cewa unguwar nan ta yi sa'ar iska. Da muka sauke ta, ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a bakin bututun ya toshe shi. Tun ranar nake ɗaure bakin fayif ɗin da guntun gidan sauro. Ki kuma bar manhajar yadda take, tana tada hancin kusan duk minti biyu da rabi ya shaƙa ya koma barci. Hasken lezar awa 8,000 aka yi masa alkawari, in aka bar shi a kunne dare da rana ba zai cika shekara ba.

In da hali ku haɗa uku, ko aƙalla biyu. Na'ura ɗaya ba ta da abin kwatantawa sai jiyanta. Kafin ku raba su wurare, ku rataye su gaba ɗaya a bango ɗaya na mako ɗaya ko biyu. Iska ɗaya suke shaƙa, ya kamata su faɗi abu ɗaya, amma ba za su faɗa ba. Wata za ta riƙa ɗara 'yan'uwanta, wata ta riƙa gazawa. Yara su rubuta bambancin, su san halin kowace, su sa musu suna ma in sun ga dama. Duk wanda ya tsallake wannan mataki, wata rana zai tsaya gaban mutane ya ce unguwar Pantami ta fi Tumfure ƙura, alhali na'urar da ya kai Pantami ce mai ƙarin gishiri.

Yanzu ga abin da ya fi na'urar kanta muhimmanci: littafin rubutu, da yaron da zai riƙe shi. Na'ura za ta ce miki layin da ke nuna yawan ƙura ya tashi da ƙarfe 1:40, ba za ta taɓa ce miki me ya tada shi ba. Sai an sami wanda ya rubuta cewa Talata, 7:20, ana shara a fili. 10:05, an tada janareton ofis. 1:40, wani ya cinna wa bola wuta bayan katanga, iska daga gabas take. Sanin inda iska ta fito bai buƙatar komai sai ƙyalle a kan sanda. A raba aikin, yau wannan gobe wancan, har da ranakun da babu abin da ya faru.

Bari in ba ki labarin da ya sa nake nacewa a kan littafin. Shekarun baya na yi wannan aiki da ɗaliban wata makaranta da ke bakin babban titi. Kullum tsakanin bakwai da bakwai da rabi na safe layin sai ya miƙe tsaye, sannan ya sauko a hankali. Ba mu yi wata gardama ba, kowa ya ce Keke Napep ne da 'yan acaɓa masu sauke yara, ga kuma manyan motoci. Ni ma na yarda, har mun fara tsara wasiƙar da za a kai a nemi a matsar da wurin sauke yara. Sai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ran Laraba layin bai tashi ba, kuma ai ran nan ma an kawo mu a Keke." Muka buɗe littafi. Wanda ke da aikin ranar ya rubuta da ɗan guntun fensirinsa: yau ba a yi shara ba, an wuce jarrabawa kai tsaye. Muka koma kan lambobin da sabon ido, sai muka ga PM10 ce ke yin tsalle sosai, PM2.5 tana biye da ita daga nesa. Hayaƙin inji ƙananan ƙwayoyi ne, da shi ne da lambobin biyu sun tashi kusan kafaɗa da kafaɗa. Wannan ƙasa ce ake tayarwa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Yaran da kansu suka tsara gwaji, mako guda a yayyafa ruwa kafin shara, mako guda a bari. Layin ya nuna bambancin ƙarara. Abin da kakanninmu mata ke yi kullum kafin su ɗora tsintsiya a tsakar gida, shi muka gano da leza.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masu riƙe da tsintsiyar 'yan aji ɗaya ne, ƙananan cikinsu, sun duƙa kansu na cikin ƙurar tsundum. Ki duba ko ɗalibanki biyu masu asma suna cikin masu sharar safe. Wannan ba sai kin jira na'ura ba.

Batun hunturu kuwa, a nan ne za ki fi buƙatar taka-tsantsan da lambobin. Yawancin hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris daga arewacin Chadi yake tasowa, musamman wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki ne da Tafkin Chadi na yau ya zama ɗan ragowarsa. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar wurin, cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso mana. Wani kason ma har ya tsallaka teku ya sauka a dajin Amazon. Yara suna son wannan labari, kuma yana haɗa miki darasin labarin ƙasa da na kimiyya. Matsalar ita ce ƙurar hazo tana da manyan ƙwayoyi da yawa, 'yar fankar nan kuma ba ta da ƙarfin janyo su duka, idon ma bai iya ƙirga su da kyau. Don haka ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango dutsen gabashin gari, na'urar za ta nuna lamba mai yawa, amma gaskiyar ta fi abin da ta nuna. A damina kuma akasin haka ake samu. Idan laima ta haura kashi 70 cikin ɗari, ƙwayoyin suna shan ruwa su kumbura, idon ya gan su manya, lamba ta hau ba tare da ƙura ta ƙaru ba. Safiyar Agusta mai raɓa za ta iya ba ki tsoro a banza. Amfanin ɗan ma'aunin laimar nan ke nan, kada a cire shi don rage kuɗi.

Akwai kuma abin da hazo ke ɓoye mana. Mun saba ɗora wa hunturu laifin komai, tun da daga Allah yake ba wanda za a kama. Amma ki sa yara su duba awon dare, daga magariba zuwa sha ɗaya, ko a ranakun da sama ta yi garau. Lokacin ne ake hura wutar tuwo, masu tsire da masu shayi sun kunna, an tada janareto, an cinna wa sharar da aka zuba a kwari wuta da ledojinta, masu jin sanyi sun haɗa 'yar wuta a bakin layi. A daren hunturu ƙasa tana saurin hucewa, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Duk wanda ya shigo Gombe ta hanyar Bauchi ya san gangarowa ake yi zuwa cikin gari, to iska mai sanyi ma gangaren take bi. In kin sami wanda zai riƙe muku na'ura ɗaya a sama wajen Tumfure, wata a ƙasa wajen Jekadafari ko Herwagana, kun sami bincike na gaske. Ban ce ga abin da za ku gani ba, ku auna ku gaya mini.

Daga nan sai cikin gida, inda na fi so aikin ya kai. A bar yara su riƙa aron na'ura ɗaya suna kwana da ita, da izinin iyaye. Mafi munin iskar da yawancinmu ke shaƙa a madafi take, mace tana tsugune gaban murhu da goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta mutuwar mutane wajen miliyan 3 a shekara da hayaƙin cikin gida kaɗai. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi tsada, gas ma ya hau, gidaje da yawa da suka bar itace sun koma masa ko sun koma gawayi. Ba za ki ce wa uwa ta sayi gas da kuɗin da babu ba. Amma yaro zai iya gwada murhu a ɗaki da murhu a fili, ɗanyen itace da busasshe, ƙofa a rufe da ƙofa a buɗe, ya nuna wa mahaifiyarsa bambancin a waya. Wani ɗalibinmu ya kai na'urar ɗakin yayarsa, amarya ce, ta zuba turaren wuta a kasko ta saki labule ta ja ƙofa. Lambar ta hau har 999, iyakar abin da hancin ke iya nunawa ke nan. Da ya nuna mata sai ta ce, "Kai tafi can, na'urarku ba ta san ƙamshi ba." Gaskiya ta faɗa, sai dai huhu ma bai san shi ba. Bai hana ta turare ba, ni ma da ya tambaye ni ban ce ya hana ta ba. Sun dai daidaita a kan ta turara ɗakin lokacin da ba kowa ciki, a buɗe taga kafin a shiga. Maganin sauro na kunnawa shi ma ku gwada shi, za ku sha mamaki.

Gargaɗi ɗaya da ba na so ya wuce ki. Wannan na'ura ba ta jin iskar gas ko kaɗan. Gubar da ke kashe mutane cikin barci idan sun kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, ko sun shigar da janareto cikin gida don tsoron ɓarayi, sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma garwashin da ya ruru ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Na'urarku za ta iya nuna lamba mai kyau a ɗakin da mutum ke mutuwa. Ki faɗa wa yara wannan tun ranar farko, ki maimaita, kada wani ya je gida ya ce an auna ɗakinsu lafiya lau. Gas ɗin yana da nasa ma'auni daban mai ƙara.

To in an tara sakamako, sai me? Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki hoton lamba ɗaya, a ce 200, a ɗora a Facebook a rubuta cewa ta ninka mizanin duniya sau goma sha uku. Mizanin 15 na matsakaicin awa 24 ne, ba na minti ɗaya da wani ya wuce da tsintsiya ba. Yara su koyi fitar da matsakaici na yini, su ƙirga kwana nawa a wata aka haura, su faɗi inda na'urar take da irin rauninta. Kuskure na biyu ya fi haɗari, wato nuna yatsa. Gidan burodin unguwa ko injin casar shinkafa na iya zama tushen hayaƙin, yana iya kuma zama bola ce a bayansa. Na'urar dala arba'in ba hujjar da za a ɓata wa mutum sana'a da ita ba ce, kuma kina da yaran mutane a hannunki. In abu ya yi ta maimaituwa, littafi da ƙyallen iska suka goyi baya, a bi ta hannun shugaban makaranta da mai unguwa a zauna da mutumin. Sau da yawa ƙara tsawon bututun hayaƙi ko sauya lokacin hura wuta ya wadatar. In ya fi ƙarfin unguwa, akwai hukumar muhalli ta jiha, GOSEPA, akwai ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007. Abin da za ku kai musu shi ne roƙon su zo su auna da nasu kayan, ga dalilinmu. Kuma in za ku sa na'urar gida a taswirar intanet, kada a nuna daidai ƙofar gidan kowa.

Kada ki ɗauka aikin talakawa irin wannan ba ya zuwa ko'ina. A Fatakwal, tun daga ƙarshen 2016 da baƙin toka ya fara sauka a kan motoci da tufafi da tafin ƙafar yara, mazauna garin ne suka yi ta ɗaukar hoto suna kuka har maganar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A yankin Flanders na Beljiyam, a 2018, mutane 20,000 suka rataya 'yan bututun awon hayaƙin mota a tagoginsu na wata guda, kowa da tsari iri ɗaya, masana jami'a suka tattara, aka sami taswirar da gwamnati ita kaɗai ba za ta iya yi ba. Sirrin nasu shi ne tsari iri ɗaya ɗin nan. A nahiyarmu akwai AirQo na Jami'ar Makerere a Kamfala, waɗanda suka ƙera na'urorinsu musamman don ƙura da rashin wutar garuruwan Afirka, akwai kuma sensors.AFRICA da ƙungiyar Code for Africa ke gudanarwa. Ki leƙa shafukansu. Nan gida kuma ki nemi malaman sashen labarin ƙasa ko kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere. Mai neman digiri na biyu da ke fama da rashin bayanai zai yi murna da littafin yaranki fiye da yadda kike zato.

Masu asma biyun, na'ura ba ta maye gurbin likita, maganin shaƙarsu ya kasance a jaka kullum. Abin da awon zai ƙara shi ne sanin lokutan da za a ɗauke musu wasan fili da shara. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo, a riƙa bi. Takunkumin yadi yana tare manyan ƙwayoyi kaɗan, ƙananan kuwa sai irin N95, shi ma in ya zauna daram a fuska.

Kafin kayan su iso, ga abin da za ku fara ran Litinin da kuɗin da bai kai na kati ba. A yanka farin kwali gida goma daidai wa daida, a zana murabba'i mai faɗin santimita biyar a tsakiyar kowane, a shafa basilin siriri a ciki. A rataye su da zare a tsayi ɗaya: bakin ƙofa, cikin aji, kusa da janareto, wajen mai ƙosai, bayan katanga. Ɗaya kuma a saka shi cikin leda a ɗaure a ajiye a durowa, shi ne shaida, da shi za a kwatanta sauran. Kafin a rataya, kowane yaro ya rubuta hasashensa na wanda zai fi baƙi ya sa hannu, ki karɓe takardun ki kulle. Bayan kwana bakwai a sauke, a jera a tebur, a duba da gilashin ƙara girma na ɗakin gwaji. Ki aiko mini da hoton kwalayen da na shafin farko na littafin, daga nan sai mu tsara inda na'urori ukun za su zauna.